Kallon Harba Roka a Gaɓar Filorida da Farautar Kumbo a Sararin Dare

Daga filin jirgin saman Orlando zuwa gaɓar da Amurka ke harba yawancin rokokinta, tafiyar ƙasa da awa guda ce a mota. Ana hawa babbar hanya mai lamba 528 a nufi gabas, ana biyan kuɗin wucewa a kanta. Can gaba sai ta rabu biyu: wanda ya miƙe zai faɗa tashar jiragen ruwa ta Port Canaveral a kudu, wanda ya ratse ta 407 zai shiga garin Titusville a arewa. Ni Titusville na nufa na kama masauki, saboda garin a bakin ruwan Indian River yake, kuma daga bakin ruwan ana hango wuraren harbi a tsallake, babu tudu babu dogon gini a tsakani. Ƙasar shimfiɗe take, fadama ce da ruwa da ciyayi. Abin da ido ke fara kamawa shi ne ƙaton ginin da ake harhaɗa rokoki a cikinsa, mai tsayin mita 160, wanda aka gina a shekarun 1960 domin rokar Saturn V da ta kai mutane duniyar wata.

Wurare biyu ne maƙwabtan juna, baƙo yakan ɗauka guda ne. Akwai Cibiyar Kennedy ta hukumar NASA a tsibirin Merritt, akwai kuma sansanin sojan sararin samaniya na Cape Canaveral a kudu maso gabas da ita. Kowane dandamalin harbi da lambarsa. Daga 39A Apollo 11, kumbon da ya fara sauke mutane a duniyar wata, ya tashi ranar 16 ga Yulin 1969, daga nan ne kuma kumbon Columbia ya tashi ranar 12 ga Afrilun 1981, sannan a 2014 kamfanin SpaceX ya karɓi hayarsa. A arewa da shi akwai 39B, inda Artemis I ya tashi ranar 16 ga Nuwamban 2022. Lamba 40 da 41 suna ɓangaren soja. Kafin mutum ya zaɓi inda zai tsaya, sai ya san daga wace lamba za a harba, in ba haka ba yana iya zuba ido a wani wuri wuta ta tashi a wani.

Dalili biyu suka sa aka zaɓi wannan gaɓa. Duniya tana juyawa ne daga yamma zuwa gabas, kuma a nan, digiri 28.5 arewa da layin da ya raba duniya biyu, ƙasa tana gudu da duk abin da ke kanta kimanin kilomita 1,470 a awa. Rokar da aka harba gabas ta samu wannan gudu a kyauta, daga cikin kusan kilomita 28,000 a awa da take buƙata kafin ta zauna a falaki. Na biyu, gabas ɗin teku ne, Atlantika. Duk abin da ya faɗo, ruwa zai faɗa, ba kan gari ba.

Babban abin da ke karya maziyarta shi ne ɗage harbi. Wanda ya yanki tikitin komawa washegarin ranar da aka sanar, ya yi kasada da kuɗinsa. Gara a ware mako guda, ko abin da ya fi. Sauƙin da ake da shi yanzu shi ne yawan harbin: a 2024 an harba fiye da roka 90 daga wannan gaɓa, don haka wanda ya zauna mako da wuya ya koma bai ga ko ɗaya ba.

Wanda na je domin shi, harbin kai kaya ne zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, kumbon Dragon a kan rokar Falcon 9, daga 39A. Irin wannan harbi lokacinsa daƙiƙa guda ce tak. Tashar tana zagaya duniya a kan hanyar da ta karkace digiri 51.6, duniya kuma tana juyawa a ƙarƙashin hanyar. Sai lokacin da juyawar ta kawo dandamalin daidai ƙarƙashin hanyar ake iya tashi. In an kuskure, sai gobe, kuma lokacin gobe yakan riga na yau da minti ashirin da 'yan kai. Harbin Starlink, taurarin ɗan'adam na intanet na SpaceX, ba haka yake ba, shi ana ba shi sa'o'i, a yi ta matsar da lokaci a cikinsu.

Gajimare ne kan gaba wajen jawo ɗagewa, ko da babu ruwa babu tsawa. Roka mai dogon jiki da doguwar wutsiyar wuta, in ta ratsa gajimare mai ɗauke da lantarki, ita da kanta ke janyo aradu. Sau biyu aradu ta faɗa wa Apollo 12 jim kaɗan bayan tashinsa ranar 14 ga Nuwamban 1969, Allah ya kiyaye mutanen ciki. A watan Maris na 1987 kuwa wata rokar Atlas-Centaur da ba ta ɗauke da mutum ta halaka ta wannan hanya. Tun daga nan aka tsaurara ƙa'idoji a kan kaurin gajimare da kusancinsa da hanyar roka da yawan lantarkin da ke cikin iska. Rundunar hasashen yanayi ta 45 tana fitar da rahoto kwanaki kafin kowane harbi, tana faɗin kashi nawa cikin ɗari take ganin yanayi zai ba da dama. Shi ya kamata mai kallo ya karanta, ba hasashen yanayin da ke cikin waya ba. Akwai kuma iska mai ƙarfi a can sama wadda na ƙasa ba ya ji, da haukan igiyar ruwa a inda za a saukar da roka a teku, da matsalar bawul ko na'urar auna zafi. Har jirgin ruwa yana hana harbi: a ƙarshen Janairun 2022 an fasa wani ana dab da tashi saboda jirgin 'yan yawon shaƙatawa ya kutsa yankin da aka rufe. Daga Yuni zuwa Satumba hadari yakan taso kusan kowace yamma a Filorida, kuma lokacin guguwar teku yana kaiwa ƙarshen Nuwamba. Tsakanin ƙarshen kaka da bazara sararin ya fi zama garau.

A kula da agogo ma. Najeriya da Nijar suna gaban Filorida da awa shida daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, sauran watanni kuma awa biyar, saboda can suna matsar da agogonsu. Wasu jadawalin da agogon UTC, wato GMT, ake rubuta su, namu yana gabansa da awa ɗaya. Harbin daren Alhamis a can yana iya zama na asubahin Juma'a a takarda.

Wajen tsayawa kuwa ya danganta da abin da mutum ke son gani. Mafi kusa da 39A ga wanda ba ma'aikaci ba su ne bakin tekun Playalinda a arewa da kuma filin kallon da ke jikin ɗakin ajiye Saturn V a cikin Cibiyar Kennedy, kowanne kimanin kilomita shida. Na farko gandun gwamnati ne, ana biyan kuɗin shiga, ana rufe shi da yamma, wani lokaci kuma a rufe shi ɗungurungum saboda harbin, don haka bai da amfani ga harbin dare. Na biyu sai da tikiti da motar cibiyar, kuma in aka ɗage harbi bayan an kai mutane, tikitin kallon yakan tafi ke nan. Lokacin da na je, wanda ke son ganin saukar roka a ƙasa, Jetty Park da ke Port Canaveral ya fi masa, kimanin kilomita goma daga filin saukar na wancan lokaci. Titusville ta fi nisa, kusan kilomita ashirin daga 39A, amma kyauta ce, kuma ruwan da ke gabanka yana ninka hasken. Harbina na dare ne, sai na zaɓi gadar Max Brewer, wadda ke da tsayi da hanyar masu ƙafa.

A isa da wuri, awa biyu ko uku kafin lokaci, in na 'yan sama jannati ne fiye da haka, domin wurin ajiye mota ke fara ƙarewa. A riƙe ruwan sha da kujerar naɗewa da rigar sanyi da man korar sauro, sauron fadamar nan ba ya wasa. A riƙe madubin hangen nesa na hannu, mai lamba 7x50 ko 10x50. Kada a gangara bakin ruwa cikin duhu, akwai kadoji. Mai salla ya zo da dardumarsa. Alƙibla a can arewa maso gabas take. Abu guda da ke cutar mutane da yawa shi ne kallon waya. Hoton da ake watsawa kai tsaye ta intanet yana makara da daƙiƙoƙi masu yawa, ga cunkoson layi saboda taron jama'a. Na waya yana jin ana ƙirga goma, tara, takwas, roka kuwa ta riga ta bar ƙasa. A daidaita agogo, in saura minti guda a mayar da waya aljihu.

Falcon 9 tsayinta mita 70, da injin tara a gindinta, nauyinta in an cika ta kusan tan 550. Manta tataccen kananzir ne da iskar oksijin da aka sanyaya ta zama ruwa, sanyin da ya wuce digiri 200 ƙasa da sifiri. Saura minti 35 ake fara ɗura mata. Da madubi ana ganin farin tururi yana fita daga jikinta, wajen saura minti 20 kuma a ga wani babba ya tuɗaɗo daga hasumiyar da ke riƙe da ita. Wannan alama ce mai kyau, aiki na tafiya. Amma da zarar an fara ɗurawa ba a iya dogon jira, saboda man yana ɗumama yana kumbura. In aka tsayar da ƙirga a nan, yawanci an fasa na ranar. Saura minti bakwai a fara sanyaya injuna, saura daƙiƙa uku a kunna su.

Haske ke fara zuwa, babu ƙara ko kaɗan. Gabas ta yi ja, ta koma ruwan ɗorawa, ruwan kogin ya ɗauka gaba ɗaya har kana ganin fuskar na kusa da kai. Rokar tana ɗagawa a hankali da farko, har mutum ya yi zaton ba za ta iya ba. Sauti yana cin kilomita ɗaya ne a daƙiƙa uku, don haka a Titusville sai an yi kusan minti guda kafin ya iso, lokacin rokar ta yi nisa sama. Yana farawa da gurnani, ya ƙaru, ya koma wata irin ƙara mai tsattsagewa da ake ji a ƙirji. A Playalinda daƙiƙa 17 kawai ake jira, kuma ƙarfin ba ɗaya ba ne.

Ba sama take miƙewa ba, da yawa a nan suke mamaki. Bayan 'yan daƙiƙoƙi sai ta kwanta, ta bi arewa maso gabas a gefen gaɓar Amurka, domin abin da ake nema gudu ne a kwance, tsayi kaɗan ne daga cikin aikin. Wajen minti ɗaya da daƙiƙa goma take shan matsin iska mafi tsanani. Wajen minti biyu da rabi wutar ta ɗauke ɗif. Injunan tara ne suka mutu, ɓangaren ƙasa ya rabu da na sama. Sai ƙaramar wuta ta bayyana, injin ɗaya na ɓangaren sama ke nan, ta ci gaba da tafiya tana ƙanƙancewa. Wajen minti tara da tashi kumbon ya shiga falaki.

A nan ne bai kamata a tashi a tafi ba, ko da yake wasu sukan fara naɗe kujeru. Ɓangaren ƙasa yana juyowa ya kunna injuna ya nufo gida. Wajen minti shida sai wuta ta sake kamawa a can sama na ɗan lokaci, birki ke nan kafin ya shigo iska mai kauri. Sai duhu kuma. Tsakanin minti bakwai da rabi zuwa takwas sai ga wuta ƙasa-ƙasa ta kudu maso gabas, tana saukowa tana rage gudu har ta tsaya a kan ƙafafu huɗu. Bayan komai ya lafa, sai ƙarar fasa shingen sauti, wadda abu ke yi in ya fi sauti gudu, ta iso, dum-dum, har ƙararrawar motoci ta ɗauka. An fara yin wannan sauka ne ranar 21 ga Disamban 2015. Ba kowane harbi ake dawowa ƙasa ba, mafi yawa a kan jirgin ruwa ake saukewa can cikin teku inda ido ba ya kaiwa, don haka a duba jadawali tun kafin a zaɓi rana.

In da zaɓi, harbin da ya faɗo minti 30 zuwa 60 bayan faɗuwar rana ko kafin fitowarta ya fi kowanne kyau. Kai kana cikin duhu, rokar kuwa in ta hau sai ta shiga hasken rana, hayaƙinta ya baje ya yi faɗi saboda babu iskar da za ta matse shi, ya haskaka fari da shuɗi. Mai son hoto ya kafa kyamara a kan ƙafa uku, gilashi mai faɗin gani, ISO 100, ƙofar haske f/16 ko f/22, ya saita nisa da hannu, ya bar ta a buɗe minti uku, zai samu bakan wuta guda. Amma ni ra'ayina, wanda karonsa na farko ne ya bar hoto ya kalla da idonsa.

Dragon yakan yi kwana ɗaya zuwa biyu yana bin tashar kafin ya manne da ita. In aka yi dace ta ratsa samanka a tsakanin nan, za ka ga ɗigo biyu a layi ɗaya, babba da ƙarami. Wannan ɓangaren kallo ba ya buƙatar biza ko tikiti, daga tsakar gida a Kano ko Damagaram ko Garwa ana yin sa.

Sharaɗi uku ne. Kai kana cikin duhu, kumbon yana cikin hasken rana, sannan ya hau sama da gine-gine da itatuwa. Kumbo ba shi da fitilar da za a gani daga ƙasa, hasken rana yake mayarwa. Shi ya sa ba a ganinsa da rana, tsakar dare kuma inuwar duniya ta rufe shi. Lokacinsa daga bayan magariba zuwa ɗan bayan isha'i, sai kuma daga gabanin asuba zuwa kafin gari ya waye.

Tashar ƙasa da ƙasa ce mafi sauƙin gani. Faɗinta mita 109, tana kimanin kilomita 400 sama, tana zagaya duniya cikin minti 93, kusan sau 16 a rana, kuma tun 2 ga Nuwamban 2000 ba a taɓa barin ta babu mutum ba. In ta bi ta tsakiyar sama haskenta yana kusantar na Zara. Fara ce, ba ta ƙyaftawa, ba ta da ƙara, ba ta da ja ko kore. Mai ƙyaftawa jirgin sama ne, mai wucewa cikin daƙiƙa ɗaya kuma dutsen sama ne da ya ƙone. Tana fitowa daga ɓangaren yamma ta nufi ɓangaren gabas, ko dai daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, ko daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas, cikin minti huɗu zuwa shida. Sau da yawa da yamma ba ta kaiwa ƙarshe: tana tsakiyar tafiya sai ta yi ja-ja ta dushe ta ɓace, ta shiga inuwar duniya.

Shafin Heavens-Above da manhajar Spot the Station ta NASA suna ba da jadawali kyauta. Abu uku ake karantawa: lokacin fitowa, kusurwar fitowa, da iyakar tsayin da za ta kai a digiri. Dunƙulen hannu in an miƙe shi gaba yana rufe kimanin digiri goma, sifiri shi ne inda sama ta haɗu da ƙasa, 90 kuma tsakar ka. Wucewar da ba ta kai digiri 20 ba a cikin gari ɓata lokaci ce. A jira mai 40 zuwa sama. Kurakuran da aka fi yi su ne barin shafin ba a sa masa garin da ake ba, ko barin agogonsa a na wata ƙasa, ko dogaro da jadawalin da aka kwafa makonni da suka wuce, alhali ana ɗaga tashar lokaci-lokaci saboda ragowar iska na jan ta ƙasa. A ƙasashenmu na kusa da tsakiyar duniya damar takan zo ne 'yan kwanaki a jere, sai a yi makonni babu.

Tashar ƙasar Sin, Tiangong, wadda aka harba ɓangarenta na farko a Afrilun 2021, ita ma ana ganin ta da ido, sai dai ba ta kai waccan haske ba. Taurarin Starlink kuwa, a kwanakin farko bayan harba su, suna tafe ne a jere ɗaya bayan ɗaya kamar ayarin raƙuma, kafin su hau sama su watse su dushe. Ƙananan ɗigon da ke bin kudu zuwa arewa ko arewa zuwa kudu yawanci masu ɗaukar hoton ƙasa ne, irin hanyar da NigeriaSat-2 ya hau a 2011, ko kuma gangar tsofaffin rokoki, waɗanda haskensu ke ƙaruwa yana raguwa saboda suna wuntsilawa. NigComSat-1R da sauran waɗanda farantan talabijin ke fuskanta suna kilomita 35,786 sama, ido ba ya kai musu.

Hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu yana cinye duk abin da ke ƙasa-ƙasa, sai mai haske sosai da ya hau tsakiyar sama. Damina gajimare ne, amma daren da ya biyo bayan ruwa ya wanke ƙura yana da kyau ƙwarai. Kaka, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ta fi. A juya wa fitilu baya, a rage hasken waya, a ba ido minti goma sha biyar ya saba da duhu.

Akwai wanda mu muke gani, mutanen Landan ba sa gani: madubin hangen taurari na Hubble, wanda kumbon Discovery ya ɗauka daga 39B ranar 24 ga Afrilun 1990. An harba shi gabas sak, sai hanyarsa ta karkace digiri 28.5, daidai da matsayin Filorida, don haka ba ya wuce wannan iyaka ta arewa ko ta kudu. Kano tana digiri 12, Yamai 13 da rabi, Agadas 17, duk yana iya bi ta tsakar kansu. Yana kimanin kilomita 500 sama, haskensa na tauraro matsakaici ne, don haka yana son wuri mai duhu da daren da babu farin wata. A buɗe taswirar wucewarsa a Heavens-Above, a nemi wani tauraro mai haske da zai gifta kusa da shi, a rubuta minti da daƙiƙar, a kafa madubin hannu a kan tauraron tun saura minti ɗaya. In ya shigo sai a bi shi. Wani lokaci yakan yi walƙiya ta 'yan daƙiƙoƙi har ya ninka haskensa, in rana ta bugi wani shafaffen gefe na jikinsa.